Ƙafar Mota a Bakin Makanikan Yerwa: Darasi Kan Aron Kalmomi

'Yan'uwana ɗalibai, duk lokacin da aka zo darasin aron kalmomi, misalanmu ba sa wuce tebur da bokiti da makaranta. A wannan maƙala ina so mu leƙa gareji, domin a ganina can ne Hausa ta fi yin aro a kullum, kuma can ne muka fi ƙarancin bincike.

Abin da makanikai ke kira "ƙafar mota" ba taya kaɗai ba ne. Shi ne dukkan ƙarafan da ke haɗa taya da gangar jikin mota, su ɗauki nauyinta, su shanye gargada. A nan Bahaushe bai ari komai ba, faɗaɗa ma'ana ya yi: mota na da ƙafa kamar yadda tulu ke da wuya.

Da an shiga cikin ƙafar gaba kuwa, sai aro. Na farko sifirin, ƙarfen nan mai murɗe da ke lotsawa idan taya ta faɗa rami. A Turanci kalmar ta fara da baƙaƙe uku a jere, wato s, p, r. Tsarin gaɓar Hausa bai yarda da haka ba, sai aka saƙa wasalin i a tsakaninsu, p kuma ta koma f. Amma sifirin shi kaɗai zai bar mota ta yi ta tsalle. Abin da ke kwantar da shi ita ce shokazoba, bututu mai ɗauke da mai wanda ake tilasta wa bi ta ƙananan ƙofofi. Kalmomi biyu ne aka dunƙule. Ku lura da jinsi: "shokazoba ta fashe", amma "sifirin ya karye", saboda ta farkon ta ƙare da wasalin a.

A yawancin ƙananan motoci, irin su Golf, shokazobar gaba tana cikin sifirin ne, sun zama sanda guda. Wannan tsari na wani injiniya ne ɗan Amurka, Earle MacPherson, kuma motar Ford Consul ta 1950 a Ingila na cikin na farko da suka fito da shi. Shi ne a gaban Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin PAN a 1975. Hilux ta zamani kuwa hannuwa biyu gare ta, sama da ƙasa.

Kalmar da ta fi ba ni sha'awa ita ce tayarod, sandar da ke kai umarnin sitiyari ga taya. Kunnen Bahaushe "taya" yake ji a farkonta, alhali a asali ma'anar wannan sashe "ɗaurewa" ce. Kuskure ne mai kama da gaskiya, tunda kusa da taya take.

Sai bushin, robar da ke hana ƙarfe cin ƙarfe, da boljoyin, dunƙulen ƙarfe mai juyawa cikin kwanonsa kamar kafaɗar mutum. Wannan ba abin wasa ba ne. Idan robar da ta rufe shi ta yage, giris ya zube, rairayin Yerwa ya shiga, sai ya cinye. Direban da ke bin hanyar Dikwa zuwa Gamboru zai fara jin "ƙwas-ƙwas" a gargada. In ya ce wa makaniki shoka ce, aka canza shokazoba aka bar boljoyin, wata rana taya za ta kwanta a ƙarƙashin mota tana cikin gudu, da fasinjoji a ciki.