Yadda ake auna taurarin mai sayarwa kafin a biya kuɗi a intanet

Taurarin nan da ke gefen sunan mai kaya a Jumia ko AliExpress shaida ce, irin wadda dillali a Kantin Kwari ke bayarwa idan ya ce wane ba ya cin amana. Shaida kuwa ana auna ta da yawan masu bayarwa, da lokacin da aka bayar, da kuma su wane ne suka bayar. Saboda haka matakin farko shi ne ka duba adadin mutanen da suka ba da makin kafin ka dubi makin kansa. Mai sayar da waya da ya samu taurari 5 cif daga mutum uku bai kamo ƙafar wanda ya samu 4.6 daga mutum 800 ba, domin mutum uku ana iya tara su a zaure ɗaya, wataƙila ma ƙannensa ne.

Mataki na biyu shi ne ka nufi bayanan masu tauraro ɗaya da biyu, ka fara da na bayan nan. Rarrabe ƙorafin da kyau. Wanda ya ce kaya sun yi jinkiri a hanya, sau da yawa laifin masu kawowa ne. Amma idan mutum huɗu a wata guda suka ce caja ta daina aiki bayan mako biyu, ko launin atamfar ba shi ne na hoto ba, to wannan hali ne. Wani zai ce ai masu fushi ne suka fi yin rubutu, don haka ƙorafi ya fi ƙarfin gaskiya. Tarihin eBay ya nuna akasin haka ma yana faruwa: masu saye sun riƙa haɗiye ƙorafinsu don tsoron mai kaya ya rama da mummunan maki, har sai da kamfanin ya hana masu sayarwa ba wa masu saye maki mara kyau a 2008. Ke nan ƙorafin da ya fito fili ya cancanci a saurare shi.

Na uku, ka duba ko mai yabon ya sayi kayan da gaske. Amazon na sa alama a kan bayanin wanda aka tabbatar ya saya, kuma hoton kaya a kan tabarmar wani ya fi jimla goma ta "kaya masu kyau". Yabo iri ɗaya, kalma kan kalma, da ya zubo a rana guda, shaidar zur ce ta haya. Matsalar ta yi girman da a 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta kafa dokar hana saye da sayar da yabon ƙarya.

To in ana iya sayen taurari, me ya sa za a dube su? Domin sayen yabo ashirin abu ne mai arha, amma goge ƙorafin baƙi ɗari da suka watsu cikin shekara biyu ba ya sayuwa da sauƙi. Idan ka gamsu, biya ta cikin manhajar, kada ka yarda a ja ka WhatsApp da sunan rangwame, domin kuɗin da aka tura asusun mutum kai tsaye kamfanin ba zai nemo maka shi ba. Naka makin kuma ka jinkirta shi sai kayan sun yi makonni a hannunka.