Sabunta Rumbun Bayanai ba tare da Tsayar da Aiki ba

Rumbun bayanai, kamar yadda sunan ya nuna, ma'ajiya ce, sai dai bayanai ake zubawa maimakon hatsi. Bankuna da kamfanonin waya ba sa damƙa shi ga kwamfuta guda. Sukan haɗa gungun kwamfutoci su riƙe shi tare, kamar tsarin RAC da kamfanin Oracle ya fitar a shekarar 2001.

Idan za a sabunta manhaja, ba a kashe su gaba ɗaya. Akan janye ɗaya, a karkatar da masu hulɗa zuwa sauran, a sabunta ta, a mayar da ita, a jira ta cim ma abin da ya wuce ta, sannan a taɓa ta gaba. Inda akwai jagora, ita ce ta ƙarshe, bayan ta miƙa ragama.

Abin lura a nan shi ne rinjaye. A gungu mai kwamfuta uku, in an janye ɗaya, biyu sun isa yanke hukunci. In mai gyara ya yi garajen janye ta biyu, gungun da ke dogaro da rinjaye yakan daina karɓar sabon bayani, aikin da ake gudun tsayawarsa ya tsaya ke nan.