Yadda ake cin ramen da sushi a gidan abincin Japanawa

Taliyar leda da mai shayi ke dafawa da ƙwai da albasa a tashar Keita ko ta Madawa jika ce ga wani abincin Japan da ake kira ramen, wato taliyar alkama da ake ci a cikin romo mai zafi, domin wani ɗan kasuwa mai suna Momofuku Ando ne ya fara soya ta ya busar a garin Ikeda, kusa da Osaka, a 1958, shekarar da aka kafa Jamhuriyar Nijar, kuma daga wannan dabara tasa ne Indomie ta Indonesiya da sauran ire-irenta suka samo asali. Aderawa, wato mutanen Adar, masu ci-rani ne tun kaka da kakanni, saboda haka ba abin mamaki ba ne ɗan garin Buza ya tsinci kansa a ƙofar gidan abincin Japanawa a Abijan ko Legas ko Abuja, ko a titin Sainte-Anne na birnin Paris inda irin waɗannan gidaje suka yi layi, ko ma a Japan ɗin kanta idan karatu ko fatauci ya kai shi. Abin da zai tarar a can yana da ƙa'ida, kuma rabin ƙa'idar ana cika ta ne tun kafin a ɗanɗana komai.

Farkon abin yi shi ne tambaya, kuma ga Musulmi babu matakin da ya kai wannan nauyi. Kwanon ramen haɗin abu huɗu ne: taliya, da romo, da tare, wato ruwan ɗanɗano mai gishiri da ake zubawa a gindin kwano kafin a kwarara romo, sai kuma kayan da ake jerawa a sama. Sunayen da ke jikin takardar abinci galibi ɗanɗanon suke nunawa. Shoyu shi ne mai baƙin ruwan waken suya, wanda aka fi sani da Tokyo, shio mai gishiri ne zalla irin na Hakodate, miso kuwa na Sapporo ne, kuma shi miso waken suya ne da aka bari ya ruɓa da gishiri har ya yi ƙamshi, aikinsa a tukunya kusan aikin daudawa ne a miyar kuka. Na huɗu, tonkotsu, wanda ya yi suna a Fukuoka, ƙashin alade ne ake tafasawa sa'o'i masu yawa har romon ya yi fari kamar nono, don haka hukuncinsa a bayyane yake. Inda ake tuntuɓe shi ne sauran ukun, domin sunan shoyu ko shio bai faɗi da wane ƙashi aka yi romon ba, kuma gidaje da yawa suna haɗa kaza da alade a tukunya ɗaya, sannan yankakken naman nan da ake ɗorawa a sama, mai suna chashu, na alade ne sai fa idan an ce ba shi ba ne. Ko da an ga tori paitan, wato farin romon kaza, ya kamata a sake tambaya game da tare, saboda akan sa masa sake, giyar shinkafa, ko mirin, wata giyar girki mai zaƙi wadda barasar da ke cikinta ta kai kusan kashi 14 cikin 100. Akwai gidajen ramen masu takardar shaidar halal a Tokyo da Osaka da Kyoto, kuma neman ɗaya daga cikinsu tun daga masauki ya fi sauƙi a kan doguwar tambaya a gaban mai dafuwa da mutane ke jira.

Shigar kanta ba ta da wuya. Idan an rataya ɗan gajeren labule mai suna noren a ƙofa, alama ce gidan a buɗe yake, kuma kalmar irasshaimase da ma'aikata ke ɗagawa da murya maraba ce wadda ba a jiran amsarta, ɗan sunkuyar da kai ya wadatar. A ƙananan gidajen ramen na Japan akan tarar da inji a bakin ƙofa, a sa kuɗi, a danna hoton abin da ake so, a miƙa wa mai dafuwa ɗan tikitin da ya fito, kuma kwano ɗaya ba ya yin nisa da yen 1000. Jiƙaƙƙen tawul ɗin da ake kawowa, oshibori, na goge hannu ne kawai, shi ne madadin buta da kwanon wanke hannu. Japanawa kan haɗa tafin hannu su ce itadakimasu, ma'ana ana karɓa da godiya, kuma babu wanda zai hana baƙo yin bisimillarsa.

Da zarar kwano ya sauka, lokaci ya fara aiki. Taliyar ramen ana kwaɓa ta da kansui, wani ruwa mai sinadarin da ya yi daidai da kanwa, kuma shi ne ke ba ta launin rawaya da ɗan taurin da ake jin daɗin taunawa, duk matar da ta taɓa jefa kanwa a wake ko a miyar kuɓewa ta san yadda wannan sinadari ke sauya halin abinci. Sai dai taurin ba ya jure zama a romo mai zafi, bayan ƴan mintoci taliyar takan kumbura ta saki, shi ya sa ba a jiran abokin tafiya a kawo nasa, kuma ba a buɗe hira. A fara kurɓar romo da renge, cokalin tangaran mai faɗin gindi, don a ji aikin mai gida kafin a ƙara yaji ko tafarnuwa. Daga nan a ɗauki tsinken cin abinci guda biyu, hashi, na ƙasa ya kwanta a gindin babban yatsa ya jingina da yatsa na huɗu ba ya motsi, na sama kuma a riƙe shi kamar alƙalami, shi kaɗai ke hawa da sauka. A ɗebo taliya kaɗan, a sunkuya kusa da kwano, a zuƙe ta tare da iska. Ƙarar da wannan zuƙa ke yi, wadda a zauren Bahaushe za ta jawo wa yaro harara, a can ba abin kunya ba ce, domin iskar tana huce taliyar tana kuma kai ƙamshin romo hanci. Wanda bai iya ba ya ci shiru, wanda tsinke ya gagara ya nemi cokali mai yatsu, ba laifi ba ne. A gidajen da ke bin salon Hakata, wato na Fukuoka, wanda bai ƙoshi ba yakan rage romonsa ya ce kaedama, a ƙaro masa taliya zalla.

Abu biyu ne ba a yi da tsinke ko kaɗan, kuma dukansu sun shafi mutuwa. Ba a soka shi a tsaye cikin shinkafa, domin haka ake ajiye wa mamaci abinci, kuma ba a miƙa wa wani loma daga tsinke zuwa tsinke, domin haka dangi ke miƙa wa juna ƙasusuwan mamaci bayan an ƙona gawa.

Sushi kuwa halinsa daban ne, kuma kuskuren da ya fi yaɗuwa game da shi shi ne ɗaukar kalmar da ma'anar ɗanyen kifi. Sushi shinkafa ce da aka gauraya da ruwan khal da sukari da gishiri, ɗanyen kifi zalla ba tare da shinkafa ba sunansa sashimi. Asalinsa hanyar adana kifi ce, a cusa shi cikin dafaffiyar shinkafa da gishiri watanni har ya yi tsami, kamar yadda har yanzu ake yin funazushi a bakin tafkin Biwa, sai a shekarun 1820 aka san nigiri a birnin Edo, wato Tokyo ta yau, inda ake danganta shi da Hanaya Yohei: ɗan dunƙulen shinkafa, shari, da yankin kifi a kansa, neta. Maki shi ne wanda aka naɗe cikin nori, busasshiyar ciyawar teku mai kama da baƙar takarda, aka yanka gunduwa-gunduwa. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta mutanen Adar, dabbobin ruwa duka halal ne, don haka tambayar a nan ta koma kan abin da aka shafa: miyar zaƙin da ake shafa wa unagi da anago, kifaye masu siffar maciji, da mirin ake yin ta, wani lokaci ma akan sa shi a cikin wainar ƙwai, tamago. Shoyu kansa yakan ƙunshi ɗan burbushin barasa da ke samuwa wajen ruɓar waken, malamai sun saɓa a kansa, akwai kuma wanda aka yi musamman da shaidar halal.

Nigiri da hannu ake cinsa ko da tsinke, duka daidai ne, kuma wanda ya saba da lomar tuwon hatsi ya riga ya iya. A zuba shoyu kaɗan a ɗan faranti, a kama nigiri da yatsu uku, a karkata shi yadda gefen kifin ne zai taɓa shoyu, domin shinkafar idan ta jiƙa wargajewa take yi ta kuma sha gishiri fiye da kima, sannan a sa shi baki gaba ɗaya, loma guda, ba tare da ɓata lokaci ba, tun shinkafar na da ɗuminta. Idan mai yanka ya riga ya shafa shoyu da kansa, ba a ƙarawa. Koren abin nan, wasabi, saiwa ce da aka goga, zafinta hanci yake hawa ya wuce nan take, ba kamar barkono da ke zama a harshe ba, kuma galibi an riga an sa shi tsakanin kifi da shinkafa, wanda ba ya so ya ce sabi nuki. Siraran yankan citta mai tsami sunanta gari, sunan da kan ba Bahaushe dariya, kuma aikinta wanke baki ne tsakanin kifi da kifi, ba a ɗora ta a kan sushi. An fi so a fara da farin kifi mai sauƙin ɗanɗano, a bi da ja irin maguro, wato tuna, a ƙare da mai kitse, amma sabon shiga zai fi samun natsuwa idan ya soma da dafaffen jatan lande da kappa maki, naɗin kokwamba.

Akwai gargaɗi ga wanda ya dawo gida da sha'awar gwadawa. Keita na nesa da teku da fiye da kilomita 900, kifin da ake samu kuwa, tarwaɗa da karfasa na tafkin Tabalak da na madatsun ruwan da aka gina tun zuwan aikin raya kwarin Keita a 1984, kifin ruwan daɗi ne, wanda kan ɗauki tsutsotsin da ke kama ɗan Adam idan an ci shi ɗanye. Ko kifin teku yana da tasa tsutsar, anisakis, wadda khal da gishiri da wasabi ba sa kashewa, sai dafuwa ko daskarewa a ma'aunin sanyi 20 ƙasa da sifili na aƙalla sa'o'i 24, sanyin da firjin gida mai fama da ɗaukewar wuta ba ya riƙewa. Mace mai ciki da ƙaramin yaro da mai jinya su tsaya ga dafaffe ko a wane gari ne. Wanda ke son sushi a Adar ya yi shi da soyayyen kifi ko banda, ko ƙwai da kokwamba, tun da shinkafar ce sushi.

Biyan kuɗi ya danganta da irin gidan. A kaiten-zushi, inda faranti ke zagayawa a kan bel a gaban masu ci, tsarin da Yoshiaki Shiraishi ya buɗe a Higashiosaka a 1958, launin faranti ne farashinsa, don haka a tara waɗanda aka ci a gefe ma'aikaci ya ƙirga, kuma farantin da aka sauke ba a mayar da shi kan bel. A Japan akan biya a bakin ƙofa, a ajiye kuɗin a ɗan tiren da aka tanada, ba a ba da tukwici, wanda ya bar canji a tebur ma akan biyo shi da shi har waje, amma a Abijan ko Paris al'adar garin ake bi. Gidan ramen ba wurin zama ba ne bayan an gama, musamman idan akwai layi a waje, sai a ajiye tsinken a kwance, a ce wa mai dafuwa gochisosama deshita, wato an gode da wannan abinci, a ba na baya kujera.