Yadda Ake Tsara Mujallar Kiɗan Rok, Tun Daga Taswirar Shafuka Har Maɗaba'a

Kiɗan rok kiɗan hayaniya ne. Jita mai lantarki ake ƙure wa murya, ga ganguna, ga mawaƙi yana kururuwa a gaban dubban matasa. Amma duk wanda ya leƙa ɗakin da ake haɗa mujallar wannan kiɗa zai tarar da mutane sun duƙufa kan lissafi: shafi nawa, kalma nawa, talla nawa, kwana nawa ya rage a miƙa wa maɗaba'a. Hargitsin da mai karatu yake gani a shafi shirya shi ake yi, kuma da awo.

Aikin yana farawa da tambayar wanda zai saya. A 1967 Jann Wenner, ɗan shekara 21 a birnin San Francisco na Amurka, ya lura cewa akasarin mujallun kiɗa iri biyu ne: na 'yan kasuwar faifai masu kawo alƙaluman ciniki, da na yara 'yan makaranta masu cike da hotunan mawaƙa. Shi kuwa ɗalibin jami'a yake nema, wanda zai zauna ya karanta dogon rubutu a kan kiɗa da siyasa da yaƙin Biyetnam. Shi da Ralph J. Gleason, gogaggen mai sharhi kan kiɗa, suka kafa Rolling Stone da rancen dala 7,500. A Ingila, Geoff Barton ya fitar da Kerrang! a watan Yunin 1981 daga cikin jaridar Sounds, saboda masoya nau'in rok mai nauyi da ake kira metal, waɗanda sauran jaridu ke yi wa kallon raini. Mark Ellen da David Hepworth kuma suka kafa Q a 1986 don mutumin da ya girma, yana da albashi, yana sayen faifan CD, kuma ya gaji da rubutun samari. Kowane hukunci da zai biyo baya, daga kaurin takarda zuwa girman harafi, daga amsar wannan tambaya yake fitowa.

Sai batun aljihu. Nan ake yanke girman mujallar, irin takardarta, farashinta, da ko mako-mako za ta riƙa fita ko wata-wata. Rolling Stone ta fara ne a kan takardar jarida mai araha, ana ninke ta biyu, tana fita duk mako biyu, a kan santi 25. Ofishinta ma a saman maɗaba'ar da ke buga ta yake. Wanda ba shi da ko wannan ba ya rasa hanya. A watan Yulin 1976 Mark Perry, wani ma'aikacin banki a Landan, ya haɗa mujallar Sniffin' Glue da tafireta da alƙalami mai kauri, ya yi fotokofi 50, ya ɗinke su da waya. Kafin ya daina a 1977 ana sayar da dubbai, kuma rubutun hannunsa mai karkacewa ya zama salon da mujallun kiɗan punk suka yi ta kwaikwayo.

Suna da tambari ba sa cin lokaci mai yawa, amma su ne ke daɗewa. Ana son suna gajere, wanda za a iya karantawa daga nesa a kan kantar mai sayar da jaridu. Rick Griffin, wanda ya yi suna wajen zana fastocin wasannin kiɗa a San Francisco, shi ya zana tambarin farko na Rolling Stone. Tambarin haruffa uku na jaridar kiɗa ta NME, wanda Barney Bubbles ya zana a 1978, ya yi shekaru da dama a saman bango ba a rabu da shi ba.

Daga nan ake zuwa ga abin da mai karatu bai taɓa gani ba, alhali shi ne ƙashin bayan aikin: taswirar shafuka. Takarda ce guda, ko allo a jikin bango, da aka zana ƙananan akwatuna a kai, kowane akwati shafi ɗaya, an jera su bibbiyu kamar yadda za su buɗe a hannu. Edita da mai tsara shafi da shugaban sashen talla su uku suke tsayawa a gabanta, kuma ba kullum suke rabuwa da fara'a ba.

Dalilin farko na wannan taswira na injin bugu ne. Ba shafi ɗaya-ɗaya ake bugawa ba. Babban falle ake bugawa mai ɗauke da shafuka 8 ko 16 ko 32, a ninke shi, a datse gefunansa. Mujallar da ake ɗinkewa da waya a tsakiya dole yawan shafukanta ya rabu gida huɗu cif. Saboda haka idan marubuci ya roƙi ƙarin shafi ɗaya, edita ba ya da inda zai samo shi sai a jikin wani labarin. Mai shafuka da yawa kuwa da gam ake manne ta, ta sami ƙeya mai faɗi da za a rubuta suna da lambar fitowa a kai, kuma masu tara mujallu suna son hakan.

Dalili na biyu kuɗi ne. Masu talla, wato kamfanonin faifai, masu sayar da jita da amsa-kuwwa, da masu shirya wasanni, sun fi son shafin hannun dama, domin a nan ido ke fara sauka idan aka buɗe. Bayan bango da cikinsa su ne mafi tsada. Ana fara cike waɗannan gurabe, sannan edita ya raba abin da ya saura.

Dalili na uku shi ne numfashin mai karatu. Gaban mujalla na gajerun abubuwa ne: wasiƙu, labaran sababbin faifai, wanda ya rasu, ƙungiyar da ta watse. Tsakiya ta dogayen rubuce-rubuce ce, kuma ana ƙoƙarin kada talla ta riƙa katse su. Baya kuwa na sharhin faifai ne da jadawalin wasanni. Mai tsara shafi nagari ba ya jera dogayen hirarraki uku a jere, sai ya raba su da shafin hotuna ko wani abu mai sauƙi. Sashen sharhi ne ya fi wahalar shiryawa, don ana iya cusa faifai da dama a 'yan shafuka, kowanne da hoton bangonsa da makinsa. A da Q taurari take bayarwa, Kerrang! kuma harafin K, daga ɗaya zuwa biyar. A irin waɗannan shafuka ne faifan makaɗan jita na Nijar, irin su Bombino da Mdou Moctar, suka riƙa samun gurbi a 'yan shekarun nan.

Idan taswira ta zauna, sai a raba aiki. Kowane marubuci ana gaya masa yawan kalmomi da ranar miƙawa, kuma mujallar wata-wata kan ba da aikin babban labari makonni da yawa kafin fitowa. Nan akwai wani ciniki da ba a cika faɗa a fili ba. Kamfanin faifai ne ke riƙe da ƙofar mawaƙi, shi ke ba da damar hira, wani lokaci shi ke biyan kuɗin tafiyar ɗan jarida, kuma shi ne dai mai talla a shafin dama. Editan da ya bari wannan ya shiga sashen sharhi ya sayar da abin da mai karatu ya biya kuɗi dominsa, kuma masoya rok ba sa jinkirin gane hakan. Mujallun da aka fi tunawa su ne waɗanda suka bar wa marubuta igiya, kamar Creem ta birnin Detroit da ta bar Lester Bangs yana caccakar manyan mawaƙa, ko Rolling Stone da ta ba Hunter S. Thompson shafuka masu yawa a fitowa biyu na 1971, tare da zanen Ralph Steadman mai feshin tawada.

Hoto iri biyu ne. Akwai na dandali, inda a manyan wasanni aka saba ba masu hoto waƙoƙi uku na farko kawai, ba tare da kunna fitilar kyamara ba, sannan a fitar da su. Akwai kuma na zama, wanda ake shiryawa musamman don bango. Wanda zai ɗauki hoton bango dole ya bar sarari sama da kan mawaƙin saboda tambari, ya bar gefe saboda kanun labarai. Baron Wolman ne babban mai hoton Rolling Stone na farko, Annie Leibovitz ta karɓi matsayin a 1973. A NME kuwa Pennie Smith da Anton Corbijn ne suka mayar da hoton baƙi da fari alamar gidan.

Yanzu aka zo wurin da ake fafatawa tsakanin hayaniya da tsari. Mai tsara shafi yana fara shimfiɗa layukan awo waɗanda ba za su fito a bugu ba: faɗin gefuna, da ginshiƙan rubutu, sau da yawa uku don dogon labari, huɗu ko fiye don sharhi. Yana zaɓar harafi ɗaya mai sauƙin karatu don gangar jikin rubutu, ba ya canza shi daga fitowa zuwa fitowa. A kanun labari ne yake sakin hannu. Fred Woodward, wanda ya riƙe tsarin Rolling Stone daga 1987, yakan kewaye shafi da layi biyu, mai kauri da siriri, sannan a cikin wannan shinge ya yi wasa da manyan haruffa yadda ya ga dama, har su ɗauki siffar hoton da ke kallonsu a ɗaya shafin.

David Carson ya bi wata hanyar. A mujallar Ray Gun, wadda Marvin Scott Jarrett ya kafa a 1992, yakan ɗora rubutu kan rubutu, ya yanke hoto ta inda ba a zata ba, ya sauya kamannin tambari daga fitowa zuwa fitowa. A 1994 ya karanta wata hira da mawaƙi Bryan Ferry, ya ga ba ta da armashi, sai ya buga ta gaba ɗaya da Zapf Dingbats, jerin alamomi irin su taurari da kibiyoyi da almakashi, wanda babu mai iya karantawa. Ɗaliban zane har yau suna jinjina masa kan wannan, amma sukan manta cewa an sake buga hirar da haruffa na gaskiya a bayan mujallar. Masu kwaikwayonsa da yawa hargitsin suka ɗauka, suka bar wannan ɓangaren.

Mujallun rok suna son baƙin shafi da farin rubutu, kuma nan sabon mai tsarawa ke yawan faɗawa rami. Launi huɗu injin ke bugawa ɗaya bayan ɗaya: shuɗi, ja mai ruwan hoda, ruwan ɗorawa da baƙi. Baƙi mai zurfi haɗin launukan ne, to idan farantin launi ɗaya ya goce ko da kaɗan, siririn farin harafi sai ya cike ya dusashe. Maganinsa a ƙara wa harafin girma da kauri, a kuma taƙaita irin wannan shafi.

Bango shi ake gamawa a ƙarshe, ko da yake tun farko ake tunaninsa. Fuska ɗaya mai kallon mai saye ta fi taron mutum biyar jan ido, abin da kan haddasa rigima idan ƙungiya ta nace sai an sa kowa. Manyan kanu kan hau sama ko gefen hagu, don a kanta mujallu kan rufe juna. Mawaƙi John Lennon ne a bangon Rolling Stone na farko, na 9 ga Nuwamba 1967, sanye da kayan soja na wani fim da ya fito a ciki. Angus Young na ƙungiyar AC/DC ne a na Kerrang! na farko. Wani lokaci kuma karya ƙa'idar ne daidai: fitowar Rolling Stone ta 22 ga Janairu 1981 ba ta ɗauki kanu ko ɗaya ba, sai tambari da hoton Lennon da matarsa Yoko Ono, wanda Leibovitz ta ɗauka ranar 8 ga Disamba 1980, sa'o'i kaɗan kafin a harbe shi. Bango na iya jawo asara ma. A 2013 Rolling Stone ta sa hoton Dzhokhar Tsarnaev, ɗaya daga cikin maharan gudun fanfalaki na Boston, wasu manyan shaguna irin su CVS da Walgreens suka ƙi sayar da fitowar. Idan kuma za a manna faifan kyauta a jikin bango, kamar yadda mujallar Mojo ta saba, sai an ware masa wuri tun a zane, kada ya rufe fuskar mawaƙin.

Kwanakin ƙarshe na masu gyara ne. Suna datse rubutu ya shiga gurbinsa, suna rubuta bayanin hoto, suna tabbatar da sunan kowane makaɗi da shekarar kowane faifai, domin mai karatun rok ya san wanda ya kaɗa ganga a faifan 1972 kuma zai rubuto wasiƙa. A da da manhajar QuarkXPress ake haɗa shafukan, yau InDesign ya fi yawa. Ana duba cewa hotuna sun kai ɗigo 300 a kowane inci, duk hoton da ya kai bakin shafi kuma an bar shi ya zarce da milimita 3, don kada wuƙar datsa ta bar farin layi. Maɗaba'a na turo gwajin bugu, edita ya sa hannu, injin ya tashi.

Sauran aikin na masu rarrabawa ne, kuma a kan sharaɗi suke karɓa: abin da bai sayu ba asarar mai mujalla ce. Daga kusan kwafi 40,000 na fitowar Rolling Stone ta farko, akasarinsu dawowa suka yi. Wannan lissafi ne, haɗe da komawar talla intanet, ya sa NME ta koma kyauta a 2015 sannan ta daina fitowar mako-mako a takarda a watan Maris 2018, Q kuma ta rufe a 2020. Waɗanda suka rage, irin su Mojo da Classic Rock, sun dogara ne kan masu biyan kuɗin shekara da fitowa ta musamman a kan ƙungiya guda, mai takarda mai kauri da farashi mai tsada.