Bayan sansani, a fara da takardar fili

Ana kafa sansanin 'yan gudun hijira da niyyar zaman 'yan watanni, amma rikici ba ya bin lissafin masu agaji. Sansanin Dadaab a Kenya an buɗe shi a 1991, na Kakuma a 1992, kuma har yau suna cike da jama'a. Na Minawao a Kamaru, inda 'yan Borno suka fake, yana nan tun 2013. Yaro ya tashi har ya yi aure a ƙarƙashin tamfol, ubansa manomi amma ba shi da ko kunya ɗaya ta kansa. Idan kuɗin agaji ya ja baya, kuma yana ja, sai a wayi gari da dubban mutane masu ƙarfin aiki da aka hana su hanyar ciyar da kansu.

Jamhuriyar Nijar ta gwada wata hanya. Daga 2019, lokacin da 'yan bindiga suka koro dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi, hukumomi tare da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun kauce wa kafa sansani. Sun janye mutane daga bakin iyaka zuwa garuruwa irin su Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, inda rijiya da makaranta da asibiti suka zama na kowa, baƙo da ɗan gari. Dabarar ta yi kyau, sai dai a ganina gina ɗakuna shi ne mafi sauƙin aikin. Abin da ke tsayar da iyali shi ne tabbacin cewa ba za a tashe su daga filin ba, da kuma gonar da za su shuka.

Saboda haka shawarata ga magajin gari da hakimi da mai gari ita ce a daidaita maganar ƙasa kafin a buga tubali ko ɗaya. Aron gona da baki yana tafiya lafiya ne muddin mai gonar yana raye. Ranar da ya rasu, ko gonar ta sha taki ta yi kyau, magada za su zo. A rubuta komai: kyauta ce, aro ne ko haya, damina nawa, kuma wa ke da itatuwan da ke ciki. A Nijar akwai kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada, waɗanda ke ba da irin wannan shaida tun daga matakin ƙauye, kuma su ya kamata a nufa. A sa sunan mace a takardar, domin gidaje da yawa zawarawan da aka kashe wa maza ne ke riƙe da su, su ne kuma aka fi saurin ƙwace wa. Shi ma ɗan gudun hijira kada kunya ta hana shi neman shaida a rubuce, ya kuma yi wa 'ya'yansa takardar haihuwa, don ita ce za ta kai su jarrabawa.

Wasu za su ce baƙo raɓa ne, in aka ba shi gida ba zai koma ba. To, tsaro ne ke mayar da mutum garinsu, kuma wanda ya tara 'yan awaki da kuɗin mota ya fi iya komawa a kan wanda ya shekara goma yana jiran rabon hatsi. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na 'yan gari, waɗanda su ma talauci ya yi wa katutu, ga gonaki sun yi kaɗan. Wannan gaskiya ce, kuma duk shirin da ya raina ta zai haifi gaba. Maganinta a ware wa marasa galihu na garin kasonsu a cikin gidajen da za a gina, a ɗauki matasan ɓangarorin biyu aikin ginin, a kuma biya mai gona haƙƙinsa maimakon a matsa masa ya yi kyauta. Yuganda, wadda dokarta ta 2006 ta ba 'yan gudun hijira damar aiki da zirga-zirga, tana raba musu filaye, amma da mutane suka ƙaru sai filayen suka ƙanƙance har ba sa ciyar da gida. Don haka tun farko a haɗa noma da sana'a da rumfa a kasuwar gari, a kuma ƙidaya yawan iyalan da ƙasar wurin za ta iya ɗauka kafin a kawo su.