Yadda A Ke Tsara Takardar Tarihin Mai Neman Aiki

Sau da yawa samari su kan zo ofishin hakimi da wasiƙar neman aiki, su roƙi malami ya duba musu. Tare da wasiƙar a kan haɗa wata takarda mai bayyana asalin mutum, da karatunsa, da ayyukan da ya taɓa yi. Wanda zai karanta ta bai san mai ita ba, ga kuma tarin irinta a gabansa. Saboda haka in ba ta tsaru ba, sai ta hana wa yaro mai ƙwazo aiki. Ga yadda ya kamata a jera ta:

1. Suna da adireshi da lambar waya. A rubuta suna daidai yadda ya ke a takardun makaranta. In can an sa Muhammad, kada nan a sa Mamman, don irin wannan saɓani ya kan sa a tura mutum kotu ya yi rantsuwa.

2. Ranar haihuwa da jiha da ƙaramar hukuma. A 1996 aka kafa hukumar da ke lura da raba ayyukan Gwamnatin Tarayya daidai tsakanin jihohi. Don haka lalle abin da aka rubuta ya dace da takardar shaidar asali.

3. Karatu. A fara da makarantar ƙarshe, a gangaro zuwa firamare, ko wace a layinta, da shekarar shiga da ta fita, da shaidar da aka samu, kamar ta WAEC ko NECO. Wanda ya gama jami'a ya ambaci inda ya yi bautar ƙasa.

4. Ayyuka. A faɗi wurin aiki da muƙami da shekaru, sa'an nan abin da aka ɗora wa mutum, a taƙaice.

5. Masu shaida. Mutum biyu ko uku sun isa, amma a nemi yardarsu tukuna.

A buga ta a farar takarda da baƙin tawada, da harafi iri ɗaya. A bar fili a gefe, ko wane kashi kuma da kansa a sama. Kada ta wuce shafi biyu. Kirari da yabon kai ba su da wuri a ciki, shekaru da takardun shaida su ne ke magana.

Hakimi kuwa, in an roƙe shi ya tsaya wa yaro, kada ya sa hannu sai ya ga takardun na ainihi, malaminsa ya gwada su da abin da aka rubuta. Wanda ya rage shekarunsa, ko ya ƙara wa kansa ilmin da ba shi da shi, ran da aka gane sai ya rasa aikin, sunan wanda ya tsaya masa kuma ya ɓaci. Ramin ƙarya ƙurarre ne.