Yadda Ake Kwance Saƙon da Aka Ɓoye a Cikin Lambobi

Wani ɗalibi ya aiko mini da tambaya. Abokinsa ne ya ba shi waɗannan lambobi a matsayin wasa ƙwaƙwalwa: 22-4-17-17-24 / 7-4 / 3-24-26-4. Ya ce ya tara su, ya raba, ya ninka, har ya gwada ba kowace lamba harafinta, abin da ya fito kuwa shi ne VDQQX GD CXZD. Daga nan ya ajiye biro.

Ɗan'uwa, ai ka kai bakin ƙofa sannan ka juya. Kuskurenka shi ne na yawancin sababbin shiga: sun ga lambobi sai su ɗauka lissafi ake nema. A irin wannan wasa lamba riga ce kawai da harafi ya sa. Aikinka shi ne ka gane wanda ke cikin rigar.

Kafin ka taɓa komai, dubi siffar lambobin. Wacce ce mafi girma? Wacce ta fi maimaituwa? A rarrabe suke ko a haɗe? Amsar waɗannan ita ke nuna irin kullin da aka yi.

In babu lambar da ta wuce 26, galibi jerin haruffan boko na Turanci aka bi: A ita ce 1, Z ita ce 26. In lambobin bibbiyu suke, kuma ba ka ga alƙalamin da ya wuce 5 ba, to allon Polibiyos ne, masanin tarihi na Girka da ya rayu a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa. Ana jera haruffa a layi biyar, gida biyar-biyar, I da J su zauna gida ɗaya. Alƙalamin farko layi ne, na biyu gida. Da haka RUWA take zama 42 45 52 11. In kuwa alƙalami ɗaya ke ta maimaita kansa, kamar 44 2 88 7777 2, tuna da wayar Nokia mai maɓallai: danna 4 sau biyu ya ba ka H, 7 sau huɗu ya ba ka S, kalmar ita ce HAUSA. Lambobin da suka tsaya tsakanin 65 da 90 kuma tsarin kwamfuta ne na ASCII, inda 65 take A.

Mu koma kan naka. Babu lambar da ta haura 26, saboda haka matakinka na farko daidai ne. Amma V da Q da X ba sa cikin haruffan Hausa, wato an gusar da kowane harafi daga gurbinsa. Wannan dabara ce da ake dangantawa da Yuliyos Kaisar na Rum, wanda yake gusar da haruffan wasiƙunsa da gurbi uku.

Ta yaya za ka san yawan gusawar ba tare da canki-canka ba? A nan ne Al-Kindi, malamin Bagadaza na ƙarni na 9, ya yi mana aiki. A risalarsa kan fito da ɓoyayyen rubutu ya nuna cewa kowane harshe yana da haruffan da suka fi yawan fitowa, kuma duk rigar da aka sa musu yawan nan ba ya ɓuya. A Turanci harafin e ne kan gaba. A Hausa kuwa wasalin a ne, ba shi da na biyu. A saƙonka lamba 4 ta fito sau uku, sau biyu ma a ƙarshen kalma, inda Hausa ta fi son wasali. In 4 ita ce a, an ƙara uku ke nan. Cire uku daga kowace lamba: 19-1-14-14-21 ta ba ka SANNU, 4-1 ta ba ka DA. A kalmar ƙarshe, 3 in an cire uku ta koma sifili, sai ka zagayo ƙarshen jeri ka ɗauki Z. Abokinka cewa ya yi: sannu da zuwa.

Lura da gajerun kalmomi, don su ne ƙofar rago. Kalma mai harafi biyu da ta ƙare da a, da wuya ta wuce da, na, ta, ya, ba, ka ko ma. Lamba biyu iri ɗaya a jere a tsakiyar kalma kuma baƙi ne mai nanatuwa, irin na sannu ko babba. Ka kuma tambayi mai wasan yadda ya yi da ɓ da ɗ da ƙ, domin yawanci ana rubuta su b, d, k ne kawai.

Wannan wasa ba baƙo ba ne a wurinmu. Masu zaurance suna ɓoye magana da baki, malaman ajami kuma sun daɗe suna ba haruffa lamba ta hisabin abajada. Da shi mawaƙa ke saka ramzi, wato shekarar da suka yi waƙa, a baitocin ƙarshe. Sai dai a kula: lissafin Magrib da aka fi bi a ƙasar Hausa ya saɓa da na Gabas. Shinun a Magrib 1000 ne, a Gabas 300. Don haka shinun da ra da fa a wurinmu 1280 suke bayarwa. In ka ga saƙo cike da 10, 40, 200, 1000, gwada abajada.

Shawarata ta ƙarshe: yi aiki da fensir, ka rubuta kowane zato a ƙarƙashin lambarsa, in bai ba da kalma ba ka goge. Ga kuma na gwaji: 23 11 25 45 42 24. Dubi alƙaluman da kyau kafin ka fara. Amsar ita ce abin da ya ƙare maka ranar da ka ajiye biro.